Notin Fuli a Motar Malam

"Lafiya lau, sai godiya. Ya mutanen Daura?"

"Suna nan ƙalau. Ya ƙarfin jiki, Iya?"

"Da sauƙi. Ya hanya?"

"Hanya lafiya. Ashe dai kina nan. Ni da na ɗauro kwano a bayan babur, na ce ko yau Allah zai sa a raba wa jikoki gumba."

"Mayar da kwanonka. Ba inda za ni sai na ci goron sunan jikanka."

"Da wane haƙorin?"

"Da naka. Ai in ka ci gaba da cizon leɓe a kan ƙarfen nan, a ƙasa zan tsince su."

Haka Jafaru da kakarsa Iya Rahama suke buɗe kowace Juma'a tun farkon damina. Shi makanike ne a Daura. Ana sakkowa daga masallaci zai ɗaure akwatin sifanu a bayan babur ya kamo hanyar Sandamu. Sunan kakansa ya ci, marigayi Malam Jafaru direba, don haka Iya ba ta taɓa kama sunansa ba. Maigida take ce masa, in kuma ta so ba shi haushi ta ce Maigidan Aro.

Gidan babba ne, ɗaki na bin ɗaki, amma duk a garƙame. 'Ya'ya sun watse, wani Kano, wani Katsina, matan suna ɗakunan mazajensu. Waya suke yi su tambayi jiki, kafin ta kai tsakiyar labarin akuya sun ce za su sake kira. Abin da ya rage mata kaji ne, da akuyar nan mai karyayyen ƙaho, sai tsohuwar a-kori-kurar Malam da ke fake ƙarƙashin darbejiya, a gefen da ya fasa katanga ya sa mata ƙofar langa-langa. Tun ranar da ya kwanta ciwon ajali motar ba ta motsa ba.

Motar ce ke kawo Jafaru, wannan ba abin ɓoyo ba ne. Magada sun zauna sun ce a tashe ta a sayar, baffansa Sabiru har ya samo wani Maliki mai jigilar kaya a Kongolam. Jafaru ya yi tayoyi, ya yi batir, ya yi burki. Aiki ɗaya ya rage. Robar da ke tare mai a gaban inji ta mutu, mai yana zuba, kuma ba a kaiwa gare ta sai an cire fuli, faifan ƙarfen nan da bel ke zagayawa a kansa a bakin karanshaf. Noti ɗaya tak ya riƙe fulin, notin kuwa ya ce bai san zancen ba. Iya ta gane inda aka dosa ko da ba wanda ya zaunar da ita: ran da notin nan ya kwance mota za ta fita, ran da mota ta fita kuma babu sauran abin da zai ɗauko makanike daga Daura ranar Juma'a.

Jafaru ya ɗaga bonet, wata kaza ta yi tsalle ta fice tana masifa.

"Na ce miki ki daina barin kajinki suna kwana min a inji."

"Ai su suka fi ka sanin amfaninsa. Su ko ƙwai suna fitarwa daga ciki. Kai me ka fitar?"

"Yau za ki gani. Wancan satin na jiƙa shi da man burki da kananzir, ya kwana yana sha. Yanzu da yatsa biyu zan murɗe shi."

"Haka ka ce wancan satin. Da na gabansa. Na ma ɗauka waƙa ce ta masu gareji."

"Laifin mijinki ne. Wane irin mutum ne zai ɗaure noti kamar yana ɗaure mahaukacin bijimi?"

"Namiji ne ya ɗaure, sai namiji zai kwance. Ka koma Daura ka aro guda."

Ta ja tabarmarta zuwa inuwa ta zauna, ta ɗauko ɗan turmin da take daka goro. Jafaru ya riga ya sauke lagireto tun wancan zuwan, gaban injin a buɗe yake. Ya ɗora soket a kan notin, ya maƙala sifana, ya zura mata dogon bututun ƙarfe don hannu ya yi tsawo. Ya tofa yawu a tafi ya ja. Noti bai gezau ba, injin ne gaba ɗaya ya juya ya bi shi.

"Ka ga ya fi ka ladabi," in ji Iya. "Duk inda ka ja shi yana binka."

Jafaru ya ajiye bututun. Ya shiga ya sa mota a babbar giya don taya ta riƙe injin, ya kwaso duwatsu ya tare ƙafafun. To amma ƙasar Sandamu rairayi ce, kowa ya sani. Yana ja, duwatsun suka nutse, motar ta ɗan ja da baya ta haye su hankali kwance. Burkin hannu kuwa wayarsa ta tsinke tun Malam yana raye.

Ya share gumi da hularsa. "Sai an samu mai taka min burki. Bari in leƙa waje."

"Wa za ka samu? Ana yankan gero, garin nan daga ni sai kaji."

"Ko mai shagon bakin hanya."

"Ko shi ne liman. Ba mai zama min a kujerar Malam. Kai ma don ka ci sunan ne nake kawar da kai."

"To ya kike so in yi? In rabe biyu?"

"Da an huta. Rabi ya yi aiki, rabi ya yi surutu." Ta ture turmin gefe, ta dafa ƙasa ta miƙe. "Ni zan taka."

"Ke? Ƙafar da ba ta iya kashe kiyashi?"

"Ƙafar da ta goyi ubanka ta kai shi rijiya ta dawo. Buɗe min ƙofa, ka tsaya kana kallona kamar ɗan kamasho."

Ya buɗe. Sai da ya tallafe ta ta hau, ya cusa mata matashi a baya saboda ƙafarta ta kai. Kujerar ta lotsa daidai zaman Malam, Iya ta nutse a ramin kamar yarinya a rigar babanta. Carbinsa yana nan rataye a madubi, ƙura ta dusashe shi. Cikin motar har yanzu akwai ɗan warin nan na man fetur da turaren da yake shafawa in za shi kasuwa. Ta ɗora hannu biyu a kan sitiyari, Jafaru kuma ya yi kamar yana neman wani abu a akwatinsa.

"To direba," ya ce da ya dawo. "Duba ƙasa. Abin takawa uku ne. Na tsakiya shi ne burki. In na ce taka, ki danne shi da duk ƙarfin da ya rage miki, in akwai."

"Na ji, malamin makaranta."

Ya koma gaba, bonet ya shiga tsakaninsu, ba mai ganin wani. Ya kama bututu, ya kafa ƙafa.

"Taka."

"Na taka."

Ya ja da ƙarfinsa duka. Injin ya juya sakayau kamar ba a giya yake ba, bututu ya tafi da shi, sai ga Jafaru zaune daɓas a rairayi. Akuya ta ɗago kai ta dube shi ta ci gaba da tuƙa.

"Me na ji ya faɗi?" in ji Iya daga ciki. "Notin ne?"

"Mijinki ne. Iya, kuloci kika taka. Na hagu kenan. In kika taka shi kin raba inji da taya, aikin banza nake."

"To su ma me ya sa suka yi kama da juna? Kamar 'ya'yan gida ɗaya."

"Na tsakiya na ce. Hagu, tsakiya, dama. Ko lissafin ma ya tafi tare da haƙoran?"

"Sake dai. Wannan karon ka riƙe wandonka."

Ya karkaɗe rairayi ya sake kafa soket. Ya ce taka, ta ce ta taka. Ya ja a hankali don ya koyi darasi, injin ya sake binsa salin-alin.

"Iya."

"Na'am, Maigidan Aro."

"Wallahi sakinki zan yi. Yau ɗin nan. In tafi in auro wadda ta san hagu da dama."

"Ka sake ni in huta da ciyar da ƙato. Wace mai hankali za ta ɗauki mijin da farcensa ya fi gindin tukunya baƙi? Ni ma tausayi ne ya sa na zauna."

"Tausayi ko rashin manema? Tun da na san ki ban ga ko tsoho mai sanda ya yi sallama a ƙofar nan ba."

Wannan ta ɗan taɓa ta, don gaskiya ce, amma Iya ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

"Ni kake gaya wa manema? Yaro, lokacin da nake tashe ko kakanka sai da ya yi layi."

"Ya yi layi ya samo wadda ba ta san burki ba. Allah sarki Malam. Shekara da shekaru yana tuƙi, matarsa ko ƙofar mota ba ta iya buɗewa."

"Kai, kiyaye ni." Muryarta ta tashi, har ta buga sitiyari. "Motar nan da kake gani, ni na tuƙo ta daga kasuwar Babban Mutum. Ran da kunama ta harbi kakanka a ƙafa muna loda buhunan wake, ƙafa ta kumbura ta yi suntum, yana gefe yana nishi yana kiran sunayen Allah. Ubanka yana goye a bayana. Na sa giya, na saki kuloci a hankali yadda yake yi, ko tari motar ba ta yi ba. Garken shanu ya tare mu a hanya na taka burki na tsaya cak, Bafulatani har da ɗaga min sanda. Har gindin bishiyar nan na kawo ta, ban taka ko ɗan tsako ba. Ka tambayi ubanka, a bakin mutane ya ji."

Jafaru ya san labarin. Duk zuriyar sun san shi, da shi ake yi wa matan gidan gori in sun ce tsoron babur suke. Bai dai tuna da shi ba sai yanzu. Ya jingine bututun a jikin mota, ya goge hannu da tsumma, ya zagayo ya dafa tagar direba. Ya leƙa ƙasa. Ƙafar Iya tana kan kuloci, ta danne shi har ƙasa, ta ma manta ba ta ɗage ba.

"Iya," ya ce a hankali, "wadda ta tsaya wa garken shanu ta san burki."

Ta janye ƙafar. Ba ta dube shi ba, carbin take kallo. Can ta miƙa hannu ta share masa ƙura da babban yatsa.

"Na san shi," ta ce. "Na fi ka saninsa."

"To me ya sa?"

"In ya kwance, me zai kawo ka?"

Kafin maganar motar nan ta taso, rabonsa da Sandamu tun sadakar arba'in ɗin Malam, kuma tsakanin Daura da nan ba wata tafiya ba ce. Ya sani, ita ma ta sani. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a iya juya ta ta zama wasa.

"Kaɗaici ne, Maigida," in ji Iya, muryarta ba rawa ba komai, kamar mai ba da labarin farashin gero. "Daga Asabar har Alhamis ba mai zagina. Wanda duk ya leƙo, sannu Iya, ya jiki Iya, Allah ya ƙara sauƙi Iya, ya juya. Gaisuwar marar lafiya ake min alhali ƙalau nake. Kakanka kullum sai ya ce tuwona ya yi gishiri, ni kuma in ce hancinsa ya cika fuska. Da ya tafi, sai na rasa wanda zan ce wa komai. Akuyar nan nake tsokana, ita kuma ba ta ramawa. In na ji ƙarar babur ɗinka daga bakin hanya, tun kafin ka iso na shirya abin da zan gaya maka. Wani ma tun Talata nake ajiye shi."

Kazar da aka kora ta dawo tana zagaya taya. Jafaru ya daɗe yana murza tsumman hannunsa.

"To shi kenan," ya ce. "Mayar da ƙafarki kan kulocin. Zan gaya wa Baffa Sabiru noti ya gagara. In ce sai an nemo injin walda, in an nemo in ce ba wuta, in an kawo wuta in ce ciwon baya nake. Mutumin Kongolam ya gaji ya nemi wata."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi, ta harare shi sama da ƙasa.

"A yi yawo da kai a gari ana cewa mai sunan Malam ya kasa kwance noti ɗaya? Ban yarda ba. Ni in na zage ka, nawa ne. Ban ba kowa aro ba." Ta gyara zama, ta kama sitiyari. "Motar ma ta gaji da zama. Ba don kaji aka ƙera ta ba. Koma ka ja, kafin in canza ra'ayi."

"Iya..."

"Ka koma na ce. Ko sai na sauko na nuna maka yadda ake riƙe ƙarfe?"

Ya koma. Ya duba giya tana ciki, ya zaunar da soket sosai a kan notin, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da guduma ya shige. Ya kama can ƙarshen bututun.

"Taka."

Ba ta ce ta taka ba. Ƙarar ƙarfen burki kawai ya ji, da ɗan nishinta. Ya ja. Wannan karon komai ya tsaya ƙyam, mota ba ta motsa ba, inji bai juya ba, bututun ne ya fara lanƙwasa. Ya ƙara nauyin jikinsa duka, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sai notin ya yi wata ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen icce, bututu ya sauka a hankali.

Ya ƙarasa warware shi da yatsu. Noti ne dogo mai kauri, tsatsa ta cinye rabin zarensa, ya yi baƙi da tsohon mai. Ya girgiza fulin ya ji ya fara sakin jiki. Abin da ya rage aikin yini ɗaya ne, kowane makanike zai iya.

Da ya zagayo, Iya tana nan yadda ya bar ta, ƙafarta har yanzu a kan burki.

"Ya fita," ya ce. "Kina iya sakewa."

"Na ji shi." Ta ɗage ƙafar a hankali. Ta miƙa hannu ta zare carbin daga madubi ta rataya a wuyanta. "Wannan dai ba ya cikin ciniki. Sauke ni."

Ya sauke ta, ya raka ta har tabarma. Ta zauna ta jawo turmin goronta, amma ba ta daka ba. Jafaru ya tsuguna a gabanta, ya wanke notin da ɗan fetur, ya goge shi tas, sannan ya kamo hannunta ya ɗora mata a tafi.

"Meye wannan?"

"Kayan lefenki. Tun da na aure ki ban yi miki ba."

"Ka ga miji. Wasu na kai zinari, nawa ya kawo tsatsa."

"Zarensa ya ci, ba ya komawa jikin mota, sabo zan sa mata. Wannan naki ne. Sai dai akwai sharaɗi. Irin wannan notin, in ba a shafa masa mai duk Juma'a ba, lalacewa yake yi. Kuma ba kowane makanike ya iya shafawar ba. A duk ƙasar Daura mutum ɗaya ne."

Iya ta juya notin a hannunta, ta auna nauyinsa. Ta san ƙarya yake yi, shi ma ya san ta sani.

"Mutum ɗayan nan," ta ce, "ba shi ne ya zauna a rairayi ɗazu ba?"

"Shi ne. Matarsa ce ta yi masa makirci."

"In ya fasa zuwa fa?"

"Ki jefe shi da shi ran da kika gan shi. Yana da nauyi, na gwada."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke fito da dasashi waje, har ta sa gefen mayafi ta share ido. Ta kamo bakin zaninta ta ƙulle notin a ciki, ta ja ƙullin da kyau kamar yadda take ƙulle goro.

"Na karɓa. Amma ka zo da manka, ba ni da na ɓarnatarwa." Ta nuna babur da haɓa. "Kwanon gumbar nan kuma da ka ce ka ɗauro, sauke shi ka bar min."

"Kin shirya tafiyar ne?"

"Tuwo zan zuba maka a ciki ran Juma'a. Kuma zan cika masa gishiri, in ji ko kana da bakin magana."